Gani Ya Kori Ji: Lasifika Mai Tsada da Kunnen Mai Saye



Waɗanda suka shirya wannan zama sun nemi mu yi magana a kan lasifika, watau akwatin nan da sauti ke fita daga cikinsa, musamman irin masu tsadar nan da ake ƙawata falo da su, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ko kuwa ba ta biya. Mun san akwai wanda zai ce a ransa, ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, ina ruwan ɗan Kwargaba ko ɗan Goronyo da akwatin kiɗa? To, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da shekara biyu ko uku albashinsu na fari zai shigo hannu, kuma kayan sauti na cikin abubuwan da saurayi ma'aikaci ke fara kai wa hannu, tare da waya da babur da katifa. Wasu kuma aure za su yi, iyayen amarya su ɗora wa kansu sayen irin wannan kaya don a jera a ɗaki, ko da za a sayar da tunkiya ko a ci bashi. Kuɗin gumi ne ke tafiya can, saboda haka ya cancanci a zauna a yi masa lissafi.

Wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. A 1974 kwamitin da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa rahotonsa ga gwamnatin Janar Yakubu Gowon, aka ƙara albashi, mafi ƙanƙanta ya koma Naira 60 a wata, sa'an nan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ariyas na watanni a dunƙule. Duk wanda ya tambayi dattawan da suka yi aiki a Sakkwato a lokacin zai ji inda kuɗin suka tafi. Malamin makaranta da akawu da malamin gona, kowa ya doshi kanti, wannan ya ɗauko babur, wancan ya ɗauko rediyo mai garmaho na Grundig ko Philips mai tsawon akwatin lefe, wani kuma rakoda National ko Sanyo. Daga baya aka shiga yayin Pioneer da Kenwood da Akai, ana jera su hawa-hawa, da manyan lasifikoki biyu dama da hagu kamar dogarai. A 1980 Dalar Amurka ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba, saboda haka ƙaramin ma'aikaci na iya mallakar abin da takwaransa na Ingila ke mallaka. Tun daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta sake wa Naira mara, wannan zamani ya wuce. Sha'awar ce kawai ta rage mana, ita kuwa gadonta muka yi.

Bari mu fara da sanin abin da ake nufi da tsada, don kada mu yi ta magana a duhu. A 2017 wani kamfanin Amurka mai suna Wilson Audio ya sa wa wata lasifika tasa, wadda ta fi mutum tsayi, farashin Dala 685,000 kowace biyu, ya kuma ce saiti 70 kaɗai zai ƙera. In aka yi lissafi da canjin 2024, lokacin da Dala ta haura Naira 1,500, kuɗin ya zarce Naira biliyan 1. A shekarar ce kuma aka tsayar da mafi ƙanƙancin albashi a kan Naira 70,000 a wata. Ke nan ma'aikacin da ke kan wannan mataki, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi aikin shekara fiye da 1,200 kafin ya ɗauko ta. Ba mu kawo wannan don muna tsammanin wani zai kai ta Wurno ba. Mun kawo ne don a ga ƙololuwar tsanin, domin a ƙarƙashinta akwai na Dala 50,000, da na 5,000, da na 500, kuma kowane mataki mai sayarwa zai rantse maka cewa na sama ya fi na ƙasa. Ko ta Dala 500 ɗin nan da Bature ke kira mai araha, a wancan canji Naira 750,000 ce, albashin kusan wata 11 ke nan, kuɗin da ya isa ya saya wa manomin fadamar Wurno injin ban-ruwa da takin albasarsa har ya sami canji.

To, mene ne a cikin akwatin? Asalin dabarar tsohuwa ce. A 1925 waɗansu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin da har yau mafi yawan lasifikokin duniya ke bi, daga ta cikin wayar hannu har zuwa ta Wilson. Akwai maganaɗisu, akwai siririyar waya da aka naɗe ta zobe-zobe aka sa a tsakiyarsa, akwai kuma faifan takarda mai siffar mazurari da aka manna wa naɗin. In wutar da ke ɗauke da sauti ta bi ta cikin naɗin, sai ya riƙa matsawa gaba da baya, faifan ya bi shi, ya tura iska, iskar ta kaɗa dodon kunne. Iyakarta ke nan. Wahalar tana wajen faɗin aikin. Kunnen yaro mai lafiya yana jin amo tun daga mai kaɗawa 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa 20,000. Amo mai kauri, irin na tambari, yana bukatar babban faifai da zai tura iska mai yawa. Siririn amo, irin na ƙararrawa ko kacakaura, yana bukatar ɗan ƙaramin faifai marar nauyi da zai yi rawa sau dubbai a daƙiƙa. Faifai ɗaya ba ya iya duka biyun da kyau, shi ya sa ake sa biyu ko uku, a kuma haɗa musu wata 'yar na'ura da ke raba musu aiki.

Sa'an nan ga akwatin kansa, kuma a nan ne maƙerin lasifika ya sha bamban da maƙerin kayan kiɗa. Mai haɗa goge yana zaɓen ƙwaryar da za ta ƙara wa tsirkiya murya. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwani ne aka rufe da fata, kuma muryar gwangwanin na cikin abin da ya sa ba a ɓata shi da kiɗan kowa. Lasifika kuwa ɗan aike ce, kuma ɗan aike nagari shi ne wanda ya isar da saƙo yadda aka ba shi, bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Duk lokacin da katakon akwati ya ɗauki rawa, ya sa bakinsa ke nan cikin maganar da ba tasa ba. Hana shi wannan rawa yana cin katako mai kauri da tokare-tokare daga ciki, kuma waɗannan kuɗi ne.

Saboda haka kada kowa ya fita daga wannan zaure ya ce mun ce lasifika duk ɗaya ce. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma a nan sun yi gaskiya. Akwai abin da kuɗi ke saye wanda kunne ke ji, na'urar awo kuma ke tabbatarwa: akwatin da ba ya rawa, faifan da ke kai wa ga amo mai kauri ba tare da gurnani ba, ta dama da ta hagu masu murya iri ɗaya, da kuma aikin injiniyan da ya auna abin da ya ƙera a ɗakin awo kafin ya kai kasuwa. Daga ta banza zuwa ta kirki tazarar babba ce, ko kurma-kurma zai ji. Gardamar tana kan abin da ke faruwa bayan an kai ga ta kirki, a ci gaba da ninka kuɗin sau 10, sau 100.

A nan ne ya kamata mu saurari mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan tambaya. Dokta Floyd Toole ya shafe shekaru fiye da 20 yana bincike a hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Kanada da ke Ottawa, kuma dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Sai ya jera lasifikoki, ya rataya labulen da sauti ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa, ya daidaita ƙarfinsu ya zama ɗaya, ya ce wa mutane su saurara su ba kowace maki. Abin da ya fito a rubuce-rubucensa na 1985 da 1986 shi ne, in aka kawar da ido, mutane masu lafiyar kunne ba su cika saɓani ba, galibi sukan zaɓi wadda awo ya nuna ba ta fifita wani amo a kan wani. Ashe zancen nan na cewa kowa da irin kunnensa bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

A 1994, bayan ya koma kamfanin Harman a Amurka, shi da abokin aikinsa Sean Olive suka yi gwajin da ya fi jan hankalinmu. Suka ɗauki ma'aikatan kamfanin 40, suka sa su saurari lasifikoki huɗu, sau ɗaya a bayan labule, sau ɗaya a fili suna kallo. Da aka ɗage labule, manyan nan masu sheƙi da tsada sai makinsu ya tashi, wata 'yar ƙarama mai jikin roba kuwa nata ya faɗi, alhali waƙar ɗaya ce, ɗakin ɗaya, kunnuwan ma su ne dai. Abin da ya fi wannan ban mamaki, a bayan labule in an gusar da lasifika daga wannan wuri zuwa wancan mutanen sukan ji bambanci su canja maki, amma da suna kallo sai suka kusa daina lura da shi. Ido ya riga ya yanke hukunci, kunne ya zama ɗan rakiya. Kuma ƙwararrun cikinsu ba su tsira ba. Hausawa kan ce gani ya kori ji suna nufin shaidar ido ta fi labari ƙarfi, to ga wurin da karin maganar ta juyo ta zama gargaɗi, domin a cinikin lasifika ji ne ake saye, gani kuma shi ne ke korarsa.

Daga baya, a wani gwaji da Olive ya gabatar a 2012, an sa ɗaliban sakandare da na jami'a, sa'o'inku, su saurari lasifikoki huɗu a bayan labule. Wadda ta zo ta fari kuɗinta Dala 500 ne, wadda ta zo ta ƙarshe kuwa Dala 3,800. Tilas mu faɗa cewa wadda ta yi nasarar ƙirar kamfanin da ya shirya gwajin ce, kuma mai hankali ba ya karɓar shaidar mai kaya a kan kayansa ido rufe. Amma hanyar gwajin a buɗe take, an wallafa ta, kowa na iya maimaitawa, kuma ba mu ga dalilin da zai hana masu ƙera na Dala dubu ɗari-ɗari su rataya nasu labulen su kunyata shi ba, in suna da tabbacin kayansu. Galibinsu sun fi son a zo a gani, a shafa, a ji nauyi.

Me ake biya ke nan a can saman tsanin? Ana biyan katako mai daraja da fentin da ya yi kama da na mota. Ana biyan ƙarancin adadi, domin kamfanin da zai ƙera saiti 70 dole ya raba kuɗin bincikensa da albashin ma'aikatansa a kan mutum 70, alhali mai ƙera dubu ɗari yana raba nasa a kan dubu ɗari. Ana biyan ribar dillali da kuɗin jirgi da na kwastan. Ana kuma biyan suna. Wasu daga cikin masu tsadar nan lalle nagari ne, sun kai duk inda ake so a kai, wasu kuwa awo ya nuna ba su kai na rubu'in kuɗinsu ba. Farashi shi kaɗai ba ya gaya maka wace ce wace. Har wayar da ke haɗa lasifika da amfilifaya akwai masu sayar da ita Dala dubbai, alhali aikin tagulla ne, in kaurinta ya isa tsawonta magana ta ƙare.

Sai dai mu a kasuwanninmu ba ta wannan ƙofa aka fi cutarmu ba. Namu tarkon shi ne lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali: wat 3,000, wat 5,000, da wasu haruffa huɗu a gefe, PMPO. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya su faɗi ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore, saboda irin wannan ƙarya ta yi yawa a can. Mu a nan sai mai saye ya kare kansa, kuma hanyar ba ta da wuya. A juya bayan na'urar a karanta wutar da take sha daga bango. Abin da ke shan wat 60 ba shi da inda zai samo wat 5,000 ya bayar, kamar yadda rijiyar da ke kawo tulu 10 ba za ta cika tulu 1,000 ba don an rubuta haka a bakinta. Daɗin daɗawa, yawan wat ɗin ma ba shi ne ƙara ba. Lasifikar gida ta kirki, in aka ba ta wat 1 tak, tana ba da desibel 85 zuwa 90 a nisan mita ɗaya, wanda ya isa ya hana mutum biyu hira. In ka ninka wat sau 2 desibel 3 kawai ka ƙara, sai ka ninka sau 10 kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka. Masu tallar magani a kasuwar Acida sun daɗe da gane wannan, da 'yar lasifikarsu mai bakin ƙaho da batirin mota suke cika kasuwa da murya.

Yanzu bari mu ɗauko wannan lasifika ta kirki, ko ma mai tsadar, mu kai ta gida, mu ce Kwargaba, ko Raba, ko wani gidan ma'aikata a Goronyo, mu ga abin da za ta tarar.

Abu na fari da za ta tarar shi ne abin da za a ba ta ta faɗa. Me muke saurare? Ga mutumin wannan yanki, in ana zancen waƙar da ke taɓa zuciya, ana zancen Ibrahim Narambaɗa ne, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan'anace na ƙasar Gandi, da Mamman Shata. Yawancin abin da ya rage mana na muryoyinsu an ɗauke shi ne da makirfo ɗaya, a fada ko a filin wasa ko a gidan rediyo, daga nan ya hau kaset, aka kwafi kaset daga kaset, kowane kwafi yana zubar da wani abu yana ƙara shuuu. Wasu ma daga rediyo aka naɗe su, shi kuwa rediyon gajeren zango da matsakaici ba ya ɗaukar abin da ya wuce kaɗawa wajen 5,000. Bayan haka aka juye su a katin waya, aka matse su don su yi sauƙin turawa, suka yi ta yawo a WhatsApp. Abin da ya zube a hanya ya zube, babu lasifikar da za ta dawo da shi ko da ta zinariya ce. Hasali ma mai gaskiyar ita ce za ta fi tona asirin kaset ɗin, yadda madubi mai kyau ba ya ɓoye ƙurji. Har ila yau kotso da taushi da kalangu da muryar mawaƙi da ta 'yan amshi, ƙarfinsu duk a tsakiyar tsanin amo yake, ba can ƙasa inda manyan akwatuna ke nuna bajintarsu ba. Abin da Bahaushe ke nema a kalangu shi ne ya ji hawa da saukar muryarsa har ya gane abin da yake faɗa, wannan kuwa ƙaramar lasifika mai gaskiya tana bayar da shi sarai.

Sa'an nan ga ɗaki, wanda shi ne rabin lasifikar da ba a saye a kanti. Ku ɗauki ɗakin nan namu na ƙafa 12 sau 12, bangon siminti, daɓen tayil, rufin kwano. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, faɗin ɗakin kuwa mita 3.66 ne, zuwa da dawowa mita 7.32. In ka raba za ka sami wajen 47. Ma'ana, amo mai kaɗawa 47 zai riƙa kai da komo tsakanin bango da bango yana kumbura, wanda ke jingine da bango ya ji shi kamar aradu, wanda ke tsakiyar ɗaki ya neme shi ya rasa. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, cutar ta zama biyu. Siminti da tayil kuma ba su shan sauti, mayar da shi suke yi, amsa-kuwwa ta cakuɗa kalmomi. Lasifikar Naira biliyan 1 ma haka ɗakin zai yi mata, domin ɗaki bai san farashi ba. Abin dariyar shi ne tsohon ɗakin iyayenmu na laka, mai rufin azara, da tabarmi da darduma da labule da gado mai katifa, ya fi falon zamani daɗin sauraro. Wanda ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya rataya labule, ya jera littattafansa a kanta, ya janye lasifika daga lungu ya ɗaga ta daidai kunnensa, ya sami gyaran da ƙarin Naira dubu ɗari-ɗari ba za su ba shi ba.

Zancen wuta ba sai mun tsawaita ba, kowa ya sani. A Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. In wutar ta zo da hauka ta ƙone amfilifaya, in ba ta zo ba a tada janareto a bayan taga, ƙugin injin ya binne duk ƙananan amon da aka biya kuɗi don a ji. Ga mai sola, amfilifaya irin ta ajin D, wadda ba ta ɓarnar wuta, ta fi masa amfani da ƙatuwar da ke zafi kamar murhu. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, da zafin bazara da ke haura digiri 40, mai busar da gam, mai gaggauta ruɓewar soson da ke riƙe da bakin faifai. Lasifika ta yau da kullum in ta ƙone, mai gyaran rediyo a Sakkwato zai sake mata naɗi ta tashi. Wadda aka yi wa ɗan faifanta da lu'ulu'un haɗi, in yaro ya danna mata yatsa, sai an aika Turai da Dala.

Kunnen kansa ma yana da wa'adi. Mutumin da ya kai shekara 50 da wuya ya ji abin da ya wuce kaɗawa 15,000, kuma galibi sai a wannan shekaru ne aljihu ke kai wa ga kayan tsada, ga rake ga haƙora sun tafi. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a kan desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Saurayin da ke zama gaban lasifikar biki har tsakar dare, ko ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya ƙure ƙara, yana ɓarnar kayan da babu kantin da ke sayar da su.

Wa ya kamata ya kashe kuɗi sosai a kan lasifika? Wanda aikinsa ya rataya a kanta. Gidan Rediyon Rima, da masu haɗa sautin finafinai a Kano, da malaman sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo in suna juyar da tsofaffin kaset don adanawa, waɗannan suna bukatar ɗan aiken da ba ya ƙarya, domin kuskuren da ba su ji ba zai bi aikin har abada. Amma ku lura da irin wadda masu aiki ke zaɓa. A 1975 injiniyoyin BBC sun fito da wata 'yar lasifika mai suna LS3/5A, wadda ba ta fi kwalin takalmi girma sosai ba, don a riƙa auna muryar mai magana a cikin motar ɗaukar shiri. Ba ta da ado, ba ta da kaurin amo na a zo a gani, gaskiyar murya kawai aka nema a gare ta. Ita ma daga baya suna ya hau kanta, masu sha'awa suka mai da ita abin taƙama, kuɗinta ya haura Dala 2,000, wanda ke nuna cewa ko abin kirki in ya shiga hannun 'yan yayi farashinsa kan rabu da aikinsa.

Attajirin da ya sayi mai tsada don ado kuwa, ba mu da faɗa da shi. A hawan salla a Wurno ko a Raba ana ɗora wa doki kayan azurfa da jalala, kuma ba wanda ya taɓa cewa azurfar ce ke ƙara wa dokin gudu. Kowa ya san ado ne da nuna matsayi, an kira abin da sunansa. Damuwarmu tana kan ƙaramin ma'aikacin da zai karɓi rancen albashi, a riƙa yankar masa wata-wata har shekara, don ya sayi azurfa yana zaton gudu ya saya. A ganinmu, matuƙar an kai ga ƙananan lasifikoki biyu na kamfanin da ke auna kayansa, da amfilifaya mai wat 30 zuwa 50 na gaskiya, to abin da ya rage na kuɗin ya fi amfani a darduma da na'urar daidaita wuta da neman kwafi mai tsabta na waƙoƙin da ake so. Akwatuna biyu nagari sun fi shida na roba da ake jerawa kewaye da falo.

In ranar sayen ta zo, ku tafi da abokinku da zane mai shara-shara, da kuma waƙa ko karatun labarai na muryar da kuka sani kamar ta gidanku, domin kunne ya fi saurin kama ƙarya a muryar mutum fiye da a kiɗa. Ku sa a jera biyun da kuke shakka a kansu, a rufe su da zanen, a daidaita ƙararsu ta zama ɗaya, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kan yi kamar ta fi daɗi, kuma masu kanti sun san haka. Abokin ya riƙa sauya su ba tare da ya faɗa muku ba, sau 10, kuna rubuta wadda kuka fi so. In mai tsadar ta ci 8 ko 9, kuma aljihu zai ɗauka ba tare da bashi ba, ku saye ta da farin ciki. In kuwa ta tashi biyar da biyar, ku ɗauki mai sauƙin. Ku kuma nemi a yarda ku kai ta gida kwana biyu, domin ɗakinku ne zai yi hukuncin ƙarshe. Mai kantin da ya ƙi a rataya zane, a yi masa godiya a leƙa na gaba, akwai kantuna a Sakkwato, akwai su kuma a Sabon Garin Kano.